Iyakar da Baba Ya Bar wa Ruwa

Babanmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai hangen nesa. Shi ya sa da ya tashi raba gona tsakanin 'ya'yansa maza biyu, ya duba duk abin da Allah ya ajiye a garinmu, duwatsu da itatuwa da tururuwa, ya zaɓi abu ɗaya da ke tafiya, ya ce shi ne iyaka.

Mu uku Inna ta haifa: Yaya, sai ni, sai Auta. Ni Baba ya yankar min wani ɗan fegi a fadama tun kafin a kai ni ɗakin miji a Bakori, saboda haka ba ni da ko kunya ɗaya a gonar da zan ba da labari. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada a ce na ɗauki ɓangare. Ban ɗauka ba. Dukansu biyu sun ishe ni daidai wa daida.

Gonar tana bayan ƙauyenmu, can ciki idan ka sauka daga titin Malumfashi kafin ka kai Dayi. Doguwa ce, ta kwanto daga tudu zuwa rafi. A tsakiyarta ƙasa ta yi wata 'yar gaɓa, a ƙarƙashin gaɓar kuma akwai kogo, bakinsa na kallon rafi. Ba wani shahararren kogo ba ne. Na ga hotunan na wasu ƙasashe a waya, inda ruwa ya narkar da dutse ya yi ɗakuna da ginshiƙai, mutane na shiga da fitila suna buɗe baki. Namu idan babban mutum ya shiga sai ya sunkuya, kuma abin kallon da ke ciki jemagu ne da warinsu. Amma ya isa mutum biyar su fake idan ruwa ya tsuge, kuma a nan Baba yake rataye gorarsa.

Kowa a garinmu da gamba yake iyaka, ko da bini-da-zugu. Baba ya ce gamba wuta tana cinye ta, bini-da-zugu kuma maƙwabci mai dogon hannu yana iya tumɓuke shi ya matsar. Ranar rabon ya tara dattawa, ya tsaya a kan gaɓar, ya buga ƙafa a kan marmara, wato jan dutsen nan da ya rufe saman kogon.

"Tau, ku shaida," in ji shi. "Daga bakin kogo zuwa tudu na babban ne. Daga bakin kogo zuwa rafi na auta ne. A ja layi gabas da yamma. Wanda ya iya ɗauke kogo, shi ɗauka."

Dattawa suka yi dariya, suka ce Malam ya yi hikima. Ni ce na kawo musu fura ranar, ina tsaye da ƙwarya. Na kalli Yaya, na kalli Auta, na ga su ma suna gyaɗa kai kamar baƙi ne da aka kawo yau daga Funtua. Alhali mu ukun nan a cikin kogon muka girma. Mun san wurin da Baba yake rataye gora muna yara, kuma mun san a ranar rabon wurin ya zama fili, rana na dukansa.

Ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, duk yaron da ya taɓa fakewa a ciki ya gani da idonsa. Marmarar da ke sama tauri gare ta, diga ma sai ta yi tartsatsi a kanta. Amma abin da ke ƙarƙashinta ƙasa ce mai laushi, fara-fara, wadda kana iya kankare ta da farce idan ta jiƙe. Idan aka yi ruwa, duk abin da ya sauka a gonar tudu sai ya taru ya gangaro, ya zubo ta leɓen marmarar kamar daga indararo. Yana faɗowa ƙasa ba ya wucewa nan take. Sai ya yi juyi, ya koma baya, ya lashi ƙasar mai laushi, ya fita da ita ja wur zuwa rafi. Wani ruwan kuma ba ya jiran ya kai leɓe. Ta tsagar dutse yake bi, ta inda saiwar itace ta ruɓe, ya riƙa ɗiga daga rufin ko bayan an ɗauke ruwa da kwana biyu. Muna yara mukan tara hannu mu sha, mu ce ya fi na randa sanyi. Haka cikin kogon ke ƙara zurfi damina bayan damina, har rufin bakin ya rasa abin da zai dogara a kai. Wata rana sai ka zo ka tarar da ɓangare guda a ƙasa. Bakin kogo ya ja baya, ya nufi tudu, ya nufi gonar Yaya.

Muddin Baba na raye ba wanda ya kula, domin komai gida ɗaya yake shiga. Kuma akwai wata al'ada ta gidanmu da nake ƙauna fiye da Sallah. Idan masara ta nuna, ba mai taɓa ko ɗaya sai an kai wa Inna ta fari. Yaya da Auta ne ke karyo ta, su cika babban kwandon nan mai kunne biyu, kowa ya riƙe kunne ɗaya, su shigo da shi tsakar gida. Inna ta hura garwashi da kanta, ta gasa, ta fara ci. Inna kuwa da haƙora. Farare, jere, ba giɓi, kuma ta san da su. Idan ta kama masara sai ta bi layi ɗaya daga kai zuwa gindi, ta juya, ta kama na biyu, ta miƙo maka totuwa fes kamar an wanke. Sai ta ce, "Ta yi zaƙi bana," sannan kowa ya kai hannu.

Baba ya rasu. Aka yi damina biyu ko uku lafiya. Sai wata shekara da ruwa ya yi yawa, babban yanki ya rufta. Da aka zo shuka ta gaba Auta ya tsaya a sabon bakin kogo, ya miƙa hannu gabas, ya miƙa yamma, yadda Baba ya ce, ya ga kunyoyi da dama sun dawo ɓangarensa. Mutum mai biyayya ga iyaye ba ya wasa da wasiyya, musamman idan ta zo da ƙarin ƙasa. Ya shuka.

Yaya ya cika ya yi fam. Kuma aka yi rashin sa'a, wani mai son zaman lafiya ya gaya masa cewa da rani ya ga Auta a cikin kogon da fartanya. Gaskiya ne, ya shiga. Ƙasar yaɓen rumbu ya ɗebo, kamar yadda rabin garin ke yi tun kafin a haife mu. Amma daga ranar Yaya ya gama bincikensa: Auta ne ke haƙa kogon. Mutumin da ko ciyawar gonarsa sai an yi masa gori yake nome ta, shi ne wai ya zauna yana sassaƙe ƙarƙashin dutse don ya samu kunya biyar.

Na zo daga Bakori na same shi a zaure.

"Yaya, ruwa ne fa. Kai ma ka sani."

"Ruwa? Da can ba a ruwan? Mi ya hana shi ci sai da Baba ya kwanta dama?"

"Yana ci tun da can. Ina wurin gorar Baba?"

"Ke dai koma ɗakinki. Wannan maganar maza ce."

Na je wurin Auta, na ce ya ji tsoron Allah, ya san Baba ba haka yake nufi ba. Ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya ce shi wane ne da zai canza maganar mamaci. Bakin kogo aka ce, kuma ga bakin kogo. Na fito ina jin kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Masara ta nuna a shekarar. Yaya ya aiko da tasa a buhu. Auta ya aiko da tasa a daro. Inna ta dubi buhu, ta dubi daro, ta ce a mayar wa kowa da kayansa.

"Ku ce masu ni ban san masarar buhu ba, ban san ta daro ba. A kwando guda nake ci, su biyu riƙe da shi. In ba haka ba, su bar abinsu."

Mun ɗauka fushin kwana biyu ne. Mun manta daga wurin wa 'ya'yan nata suka gaji taurin kai. Yaya har ya turo mata liman ya yi mata bayanin cewa rantsuwa tana da kaffara. Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ai ban rantse ba. Faɗa kawai na yi." Liman ya sha ruwa ya tafi. Daga shekarar Inna ba ta ƙara sa ɗanyar masara a baki ba, ko ta kasuwa, ko wadda na kawo daga gonar mijina. Tana cin tuwo, tana shan kunu, amma idan ƙamshin gashi ya taso daga maƙwabta sai ta shige ɗaki ta ja labule. Wannan abu ya ci min rai ƙwarai, har yau idan na tuna sai na ji zafi.

Su kuwa jarumawan namu suka duƙufa neman magani, kowanne ta hanyar da ba za ta sa ya gaishe da ɗan'uwansa ba.

Yaya ya fara da toshe bakin kogon. Ya ɗauko leburori, suka jibga buhunan yashi da ƙaya da ɓaraguzan gini. Ruwan farko ya zo ya duba aikin, ya kwashe shi gaba ɗaya ya kai gonar Auta. Auta ya kai ƙara cewa an zuba masa shara. Sannan Yaya ya ce tunda ruwa ake zargi, bari ya kore shi daga gonarsa da sauri. Ya sa aka yi masa huɗa da shanu, kunyoyi a miƙe daga tudu zuwa gangare, kowane kwari ya nufi gaɓar. Da can ruwa sai ya yi yawo a gona kafin ya samu hanya. Yanzu an yi masa titi har bakin aiki. A daminar kogon ya ci abin da yake ci a damina uku, Yaya kuma ya ce wannan ya tabbatar Auta ya ƙaro ma'aikata.

Da maganar haƙa ta ƙi tsayawa, sai aka koma kan aljanu. Wani ya ce tun zamanin kakanni akwai masu wurin, kuma suna faɗaɗa gida ne saboda iyali sun ƙaru. Wannan bayani ya samu karɓuwa sosai, domin bai ɗora wa kowa aikin gyara huɗa ba. Aka yi turare a bakin kogon. Jemagu suka fita suka sha iska, da yamma suka dawo.

Ni kuwa na zama 'yar aike. Mutum biyu da katanga ɗaya ta raba gidajensu, sai an kira ni a waya daga Bakori in gaya wa wannan cewa akuyarsa ta shiga gidan wancan. A masallaci sahu ɗaya suke tsayawa, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. Ranar Sallah Yaya kan gaishe da Inna da hantsi, Auta da la'asar, kamar masu shan magani. Ana cikin haka na kai Inna Malumfashi aka cire mata haƙorin turmi ɗaya da ke damunta. Bayan shekara aka cire na biyu. Sauran ba su jira mota ba, da kansu suka riƙa sauka. Na faɗa wa Yaya, na faɗa wa Auta. Kowanne ya ce Allah ya sawwaƙe, kuma laifin ɗayan ne.

Daga ƙarshe magana ta kai gaban dagaci. Ya zo da mutanensa, aka zagaya, aka leƙa, aka yi shawara mai tsawo a gindin ɗorawa. Hukuncin da aka yanke shi ne a kafa turken ƙarfe da siminti, ya zama iyaka ta har abada. Aka tambaya a ina. Aka ce a wuri mai ƙarfi, inda ba mai iya tumɓukewa. Wuri mafi ƙarfi a gonar kuwa sananne ne. Aka fasa marmarar saman kogon da diga, ɗan nesa da leɓe, aka dasa turke, aka yi addu'a. Wato an huda wa ruwa sabuwar ƙofa a tsakiyar rufin, an kuma sa masa ƙarfe ya bi. Na ce wa Inna ai garinmu ba a taɓa rasa masu hikima ba, Baba ya tafi ya bar magada.

Turken bai ma kashe rigimar ba, domin Yaya ya ce layi daga gabansa yake farawa, Auta ya ce daga bayansa. Kunyoyin da ke kewaye da shi, a kan rufin kogon, kowa ya ce nasa ne. Yaya ya shuka su da safe. Auta ya bi da yamma ya shuka tsakanin ramukan. Masara ta fito a cunkushe, kowanne ya zuba mata taki don kada a ce ya sallama. Ba a taɓa ganin masarar da aka yi wa gata irin wannan ba a garin.

Ina gida a lokacin, cikin marka, na zo jinyar Inna da zazzaɓi ya kayar. Ta fara samun sauƙi. Tun asuba ake ruwa, bai tsagaita ba sai bayan azahar. Sai muka ji wani ƙara daga bayan gari, mai nauyi, kamar an sauke lodin tifa. Na ɗauki kwandon nan mai kunne biyu na kifa a kai saboda yayyafi, na bi mutane.

Rufin ya tafi gaba ɗaya. Turken har abada yana kwance a cikin kwazazzabo da gindinsa na siminti a sama. Masarar gata duk ta bi shi, ta zube cikin laka, kara a kan kara, ga goyo manya-manya sun nuna. Can ciki kuma, a ƙarƙashin sabuwar gaɓa, wani ɗan baƙin rami ya riga ya buɗe, ruwa na ɗiga a bakinsa. Kogon ya koma gaba ya kama aiki, ko a jikinsa.

Yaya da Auta suna cikin ramin har gwiwa, kowa na karyar masara yana cewa tasa ce, zai kai wa dagaci ya ga ɓarnar da aka yi masa. Ba wanda ya zo da buhu. Yaya ya fizge kwandon daga hannuna ya fara zubawa. Auta ya ce ba a isa a tafi da shaida ba shi ba, shi ma ya zuba. Da ya cika, Yaya ya kama kunne ɗaya. Auta ya cafke ɗayan don kada a gudu da shi. Suka hau, suka kama hanyar gidan dagaci, ba mai kallon wani, kowa na ihun sai dagaci ya gani, ina biye da su.

Hanyar gidan dagaci ta ƙofar gidanmu ta bi. Muna isowa ruwa ya sake kecewa kamar da bakin ƙwarya. Ba shawara suka faɗa zaure, kuma da yake zauren na yoyo, suka ƙarasa ciki. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta, lulluɓe da zane. Ta ɗaga kai ta ga 'ya'yanta biyu, laka har kunne, riƙe da kwando ɗaya.

Suka tsaya cak da kwandon a hannu.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Ku aje nan. Ke, huro wuta."

Suka ajiye. Suka tsuguna a rumfa, ɗaya nan ɗaya can, kamar yaran da aka kama da satar mangwaro. Na kawo garwashi a kasko na fara ɓare masara ina fifita. Inna ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Gasa duka, ɗiyata. Kada ki rage ma dagaci ko ɗaya."

Na dube ta. Ashe tun daga ɗaki ta ji ihun da suke yi a hanya. Dariya ta taso min, na danne ta da hayaƙi.

Ta farko ta gasu, ta yi ja, tana ƙamshi. Na goge tokar na miƙa mata a kan ɓawo. Ta karɓa da hannu biyu. Ta juya ta, ta nemi layin da za ta fara, yadda take yi tun muna yara. Ta kai baki. Muna ji, muna gani, ta datsa da dasashi, ta sake datsawa ta gefe, inda take zaton akwai saura. Ta fito da ita. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓalle ba, sai ɗan danshi a jiki.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta shinshina ta, a hankali, ta sa gwiwa ta karya ta biyu. Ta miƙa wa Yaya rabi, ta miƙa wa Auta rabi.

"Ku ci mani," ta ce.

Suka karɓa. Ruwa na zuba daga indararo, yana haƙa ɗan raminsa a tsakar gida. Ban taɓa ganin manyan maza sun sha wuyar tauna kamar ranar ba. Auta na ci hawaye na bin lakar fuskarsa. Yaya ya kafa ido a ƙasa, ya tauna, ya tauna, abin ya ƙi wucewa.

Inna ta jira har suka kai rabi, sannan ta karkata kai ta tambaye su.

"Ta yi zaƙi bana?"